Kafin Ka Yarda A Kwance Maka Inji



Yau maganar janareta za mu yi, mai shan man gas, wanda aka sayo na hannu, irin da wasu ke ce wa ɗan Kwatano, wasu su ce ɗan Beljiyam. Mai niƙa ya san shi, mai ƙanƙara ya san shi, haka mai walda da mai gidan biredi da mai buga fiya wata, har ƙaramin asibitin unguwa da ke ajiye allurai a firji. Sabo ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, don haka na hannu muke saye. Ranar da ya fara tari kuwa sai hankali ya tashi, a kama hanyar Ƙofar Ruwa in a Kano ake, ko Fanteka in a Kaduna ne, ana neman kayan gyara tun ba a san abin da ya lalace ba.

Ga abin da na gani da idona. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, sana'ar ƙanƙara yake yi. Ya tara kuɗi ya sayi inji mai kVA 30, silinda uku, ya sha fenti yana ƙyalli. Wata biyu yana aiki lafiya lau. Ana shiga bazara, daidai lokacin da ƙanƙara ke tsada, sai ya ɓullo da wata ɗabi'a. Bugu ɗaya zai tashi, ya yi kamar minti 20 yana tafiya sumul, sai muryarsa ta fara hawa da sauka, ƙwan fitila ya yi haske ya dushe, can sai ya yi tsit. A buga famfon hannu, ya sake tashi, ya sake yin haka. Bakanike na farko ko murfi bai ɗaga ba ya ce injekta ce. Aka kwance, aka kai wa masu seti, aka biya, aka ɗaura. Minti 20 ya mutu. Na biyu ya ce ringi sun tafi, sai an sauke inji, ya rubuto dogon lissafi. Duk wannan ana yi ƙanƙara na narkewa a cikin firiza, masu sari suna komawa wajen wani.

Sai aka kawo wani dattijo da ya daɗe yana gyaran manyan motoci. Ya zo da 'yar jakarsa, ya samu benci ya zauna, bai ɗauko ko sifana ba.

Ya ce, "Alhaji, in ya kwana, bugu nawa yake tashi da safe?"

Kawu ya ce, "Bugu ɗaya, Baba."

"Yana shan baƙin mai?"

"Tun juyen da aka yi masa ban ƙara ko ɗigo ba."

"In zai mutu yana hayaƙi?"

"Ko kaɗan."

Dattijo ya ce, "To ringinka ƙalau suke. Yunwa ce ke kashe shi."

Ya zaro wani guntun tiyo fari, wanda ake ganin abin da ke gudana a ciki, bai wuce kamu ɗaya ba, ya haɗa shi tsakanin filtar mai da famfo, aka tayar da inji. Muka tsuguna muna kallo. Da farko mai ne tsantsa, ja-ja, yana wucewa. Can wajen minti 15 sai ga 'yan ƙwayoyin iska sun fara biyo juna kamar 'ya'yan carbi, suna ƙara girma, kuma nan take muryar inji ta canja. Ya kashe, ya cire tiyon da ke zuwa daga tanki, ya tsoma wani cikin jarkar mai mai tsabta. Inji ya yi awa biyu cur bai yi ko gyaran murya ba. Da aka bi tiyon tanki a hankali sai ga tsaguwa a ƙarƙashin kilif, ba ta kai tsawon farce ba. Ba wanda ya gan ta domin ba ta ɗiga. A wannan ɓangaren zuƙo mai ake yi, ba tura shi ba, don haka maimakon mai ya fita, iska ce ke shiga. Rariyar da ke bakin bututun cikin tanki kuma ta cushe da wani baƙin kumfa mai yauƙi. Inji na aiki, dattin na ƙara mannewa, zuƙa na ƙara ƙarfi, har tsaguwar ta buɗe baki. Sirrin minti 20 ɗin ke nan. An wanke tanki, an sa sabon tiyo da sabuwar filta, magana ta ƙare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da Kawu ya bi maganar bakanike na biyu, da an farke lafiyayyen inji, an cire masa ringinsa na asali an sa waɗanda ba su kai su inganci ba, an karɓi kuɗi masu yawa, kuma da ya tashi zai sake mutuwa bayan minti 20. Ba zargin kanikawa nake ba, yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halalinsu. Sai dai mun saba da gyaran canki-canka, a canja wannan a gani, a canja wancan a gani, kuma mai inji ne ke biyan kuɗin kowane canki.

Injin gas ba shi da fulogi. Tun wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya gwada cikin nasara a 1897, wanda daga sunansa aka samo kalmar dizal, dabarar ɗaya ce: fistan ya matse iska zalla har ta koma kashi ɗaya cikin 16 ko 20 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500, sai nozul ya feso mai a daidai wannan ƙiftawar ido, man ya kama da kansa. Saboda haka buƙatunsa ba su da yawa. Iska mai tsabta, mai mai tsabta da ya iso a kan lokaci, matsi mai ƙarfi, sai ruwan da zai kwashe zafi. Duk rashin ƙarfin da za ka gani, daga ɗayan waɗannan yake, ko kuma daga kayan da ka ɗora masa. Kuma masu araha su suka fi yawan kawo matsala.

Ka fara da fita waje ka dubi bakin salansa. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa. In ya yi baƙi na ɗan lokaci sa'ad da aka ɗora masa babban kaya sannan ya washe, ba komai. In kuwa ya dawwama, to ko filtar iska ta toshe, ko kaya sun fi ƙarfinsa, ko nozul ya daina feshi ya koma zubarwa. Shuɗin hayaƙi mai ƙauri baƙin mai ne ke ƙonewa, kuma kafin ka zargi ringi ka zaro sandar awo ka duba ko an cika man ya wuce layi, domin yaran shago sukan yi haka da niyyar alheri. Farin hayaƙi iri biyu ne, hanci ke raba su. Wanda ke yaji a ido yana warin gas, mai ne da bai ƙone ba, kuma da sanyin safiya a lokacin hunturu ba abin tsoro ba ne in ya ɗauke da zarar inji ya ɗumama. Wanda kuwa ya yi kama da tururin tukunya, ga ruwan lagireto na raguwa kullum ba a ga inda yake zuba ba, wannan ruwa ne ke shiga silinda, gaskit ya ƙone ko kan inji ya tsage. A nan kam a kashe inji.

Maganar iska a ƙasarmu maganar ƙura ce. Wanda ya ƙera injin nan ya rubuta awannin canja filta ne yana lissafi da wurin da ba a san hazon hunturu ba. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, filta kan cika tun ba ta kai rabin wa'adinta ba, balle in kusa da injin niƙa ne, inda ƙurar gari ke tashi yini guda. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wasu in sun ga inji ya shaƙe sai su zare filtar gaba ɗaya, su ji ya saki jiki, su ɗauka sun yi gyara. Ƙurar nan yashi ce, tana shiga silinda ta zama sanfefa, ta cinye ringi da bangon silinda cikin 'yan watanni. Wasu kuma su wanke filtar takarda da ruwa ko fetur, ko su yi ta buga ta da bango har ta yage a inda ido ba ya gani. Ka leƙa da tocila ta cikinta a wuri mai duhu. In ka ga haske ya ratso ta wani rami, ta gama aiki.

Sai mai. Tun 2022, lokacin da litar gas ta tashi daga ƙasa da naira 300 ta haura 700 a cikin shekara guda, mutane suka koma neman mai araha, kuma a nan ake haɗuwa da gaurayayye. Famfon injekta da nozul ba baƙin mai ke sa musu santsi ba, shi kansa gas ɗin ne ke yi. Kananzir ba shi da wannan maiƙon, don haka gas ɗin da aka tsinka da kananzir yakan tafi da inji, amma yana goge famfo a hankali. Ruwa ya fi wannan muni. Ko ba a zuba da gangan ba, tankin da ake bari rabi yakan yi gumi da dare, ruwan ya gangara ƙasa tunda ya fi gas nauyi, kuma a inda ruwa da mai suka haɗu ne wasu ƙwayoyin halitta ke tsirowa su haifar da baƙin kumfan da muka gani a tankin Kawu. Gwajin ba ya cin ko kwabo: ka ɗebo mai daga ƙasan tanki cikin farar kwalba, ka ajiye minti goma. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a gindi da layinsa a fili. Wanda ke sayen mai a duro ya bar duron ya kwana kafin ya ɗiba, kuma kada ya zuƙe har ƙasa. Tsofaffin injunan Lista na garin Dursley a Ingila, masu manyan ƙafafu biyu, masu doki 6 da juyi 650 a minti, waɗanda kakanninmu suka yi niƙa da su har sunan ya zama sunan inji, sun yi haƙuri da mai mara kyau. Na yanzu, musamman masu kwamfuta a jiki, ba su da wannan haƙurin.

In iska da mai sun fita daga zargi, to ka dubi abin da ka ɗora masa, domin sau da yawa inji lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ya yi masa lodi. Lambar kVA da ke jikin allo ba ita ce kilowat ba. A bisa lissafin da masu ƙerawa ke bi, mai kVA 30 kilowat 24 yake bayarwa, kimanin amfiya 43 a kowane layi in mai layi uku ne, kuma wannan yana sabo. Sannan duk wata mota ta lantarki, ta firiza ce ko ta niƙa ko ta famfon bohol, a lokacin tashi takan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci in ta daidaita. Wanda ya tayar da inji ya kunna komai lokaci guda shi ya durƙusar da shi. A fara da babbar mota, a bari ta zauna, sannan a bi da ƙananan. A kuma samu mai lantarki ya ɗora mita a layukan uku, domin ba sau ɗaya ba ana samun layi ɗaya ya ɗauki kusan duk kayan gida, biyu suna zaune.

Akwai kishiyar wannan, wadda mutane ba su cika sani ba. Wani zai sayi ƙaton inji don gudun lodi, ya riƙa kunna fanka da talabijin da shi dare da rana. Injin gas in ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai. Sai ka ga wani baƙin ruwa mai kauri yana tsatsafowa daga mahaɗar salansa, a ce ringi ne. Gas ne da bai ƙone ba ya cakuɗe da toka. In abin bai yi nisa ba, a ɗora masa kaya masu nauyi, kamar kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, ya yi 'yan awanni, zai ƙone dattin da kansa.

Ina roƙon masu inji su daina barin kowa ya taɓa gwamna, wato abin da ke daidaita gudun inji, da ka. Wutar Najeriya da ta Nijar haz 50 ce, kuma don a samu haka yawancin manyan janaretoci sai sun yi juyi 1,500 a minti, ƙananan masu sauri kuma 3,000. Wasu kan rage gudu wai don a rage shan mai. Abin da ke biyo baya shi ne inji ya rasa ƙarfi, motocin firiza su yi ta zafi, na'urar daidaita wuta ta wahala har ta ƙone. Ƙaramar mita mai nuna haz ita ce alƙali, ba kunne ba. Wanda injinsa ya fito daga Amurka kuma ya duba allon da kyau, domin can haz 60 suke, juyi 1,800, kuma in an sauko da shi zuwa namu ƙarfinsa ma zai sauko.

Zafi ma yana cin ƙarfi. Lambar da ke allo an auna ta ne a yanayin digiri 25, mu kuwa a Afrilu muna haura 40, sannan mu kulle inji a ɗan ɗakin da ba taga saboda ɓarayi, ya riƙa shaƙar zafin da ya fitar. A tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, iska ta fi sirara, injin da ba shi da tobo yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa ba tare da komai ya lalace ba. In inji na zafi, a duba fambel, a wanke ƙurar da ta toshe saƙar lagireto, a tuna cewa ruwan rijiya yana barin farin gishiri a cikin bututu. Cire tamostat da ake yi ba magani ba ne. Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne tsinke wayar da ke kashe inji in ya yi zafi ko in matsin baƙin mai ya faɗi. Na ji wani yana cewa ai wayar ce ke damun sa da kashe-kashe. Wayar nan ita ce ke tsakaninka da inji ya yi nokin, ya kafe.

To yaushe ne za ka yarda cewa da gaske inji ya gaji? Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Yana wuyar tashi da safe ko da batir mai ƙarfi, har sai an kanga masa tsumma mai fetur a bakin iska, abin da shi kansa yake karya ringi. In yana aiki ka buɗe murfin zuba baƙin mai sai ka ji yana huci da ƙarfi, hayaƙi na fita bugu-bugu, murfin ba ya zama in ka ɗora shi. Kullum sai an ƙara masa baƙin mai. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. In kuma ka ga yana ƙaruwa a sandar awo yana warin gas, to gas ne ke zuba cikinsa, kuma zai tsinka shi har metal su ci juna. Ko a nan ma, a fara setin bawul, aiki ne na awa ɗaya, domin bawul da ya matse yana zubar da matsi kamar yadda mataccen ringi ke yi. Sannan ka nemi a auna matsin kowace silinda da ma'auni a gabanka, a kai nozul benci ka ga feshinsa da idonka. Sai dai kada kowa ya kai hannu gaban nozul yana feshi: matsinsa ya kusa ninki 100 na iskar tayar mota, yana huda fata ya shige nama, kuma raunin da ya yi kamar cizon sauro kan iya jawo asarar yatsa in ba a garzaya asibiti ba. Haka kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, kuma kada a bar hayaƙi ya nufi ɗakin da mutane ke kwana.

Wanda bai riga ya saya ba, kada fenti ya ruɗe shi, kuma kada ya dogara da agogon awanni, domin ana canja shi. Ka ce sai da safe za ka zo, ka ɗora tafin hannunka a jikin inji ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar. In ka tarar an riga an ɗumama shi, ka dawo gobe. Ka nemi a ɗora masa kaya na gaske ya yi aƙalla awa guda, kana kallon hayaƙi, kana kallon haz da ma'aunin zafi. Inji ba kaya kowanne zai yi maka murya mai daɗi.

Na koma wajen Kawu kwanan baya. Ya kafa ƙusa a bangon ɗakin inji ya rataya wani littafin 'yan makaranta, yaronsa na rubuta lokacin tashi da lokacin kashewa da litar da aka zuba, kuma duk awa 250 sai a yi juye a canja filtoci. Ya ce mini da cikakken kaya injin kan sha wajen lita 7 a awa, kuma ranar da lissafin ya haura haka ba tare da an ƙara firiza ba, filtar iska yake fara zarowa. An fasa bango an yi taga mai raga a gaban lagireto. Guntun farin tiyon dattijo kuwa ya hana a cire, har ya fara yin rawaya. Kowace safiya in an tayar da inji yakan tsuguna ya haska shi da tocila kafin ya kunna firiza ta farko.